Wasiƙa ga abokan cinikinmu kan sayen babbar bureka

Assalamu alaikum.

Zuwa ga iyayenmu da 'yan'uwanmu masu hulɗa da shagonmu, musamman masu injin niƙa, masu walda, gidajen burodi da masu ruwan leda na Sabon Gari, Tudun Wada, Samaru da cikin Birni.

Daga wannan wata, duk wanda ya zo sayen babbar bureka, wato na'urar da ke yanke wuta idan lodi ya yi yawa, wadda ake ce wa MCCB, sai mun tambaye shi kaurin wayar da za a ɗaura ta a kai kafin mu sayar masa. Wanda bai sani ba, za mu tura yaronmu ya duba kyauta, in dai a cikin Zariya ne. Mun san wasu za su ce ja musu rai muke yi. A yi haƙuri a ji dalili.

Da zarar zafin Maris da Afrilu ya kankama, maganar da muka fi ji ita ce: "Malam, ta 63A ɗin nan sai faɗuwa take yi, ba ni ta 100." Alhaji, ba lalacewa ta yi ba, aikinta take yi. A cikinta akwai wani siririn ƙarfe mai falle biyu. Idan lodi ya wuce ƙima sai ya ɗau zafi, ya lanƙwashe a hankali, ya saki makama. Shi ya sa ba ta faɗuwa lokacin tada moto, duk da moto kan ja ninki shida na wutarsa a 'yan daƙiƙun farko. Akwai kuma maganaɗisu, wanda ke jiran ranar da wayoyi za su haɗe. Shi ba ya jira, kafin ƙiftawar ido ya yanke wuta.

To, girman bureka da kaurin waya ake auna shi, ba da girman inji kaɗai ba. Wayar jan ƙarfe mai lamba 10mm² tana ɗaukar 50A zuwa 60A ne, gwargwadon yadda aka bi da ita. Ka sa mata bureka ta 100A, faɗuwa za ta daina, gaskiya ne. Amma wayar za ta riƙa dahuwa a cikin bango, robarta na narkewa, burekar na nan a tsaye. Gudun gara ke nan, a faɗa gidan zago.

Sau da yawa ma ba lodi ba ne. Yawancin waɗannan burekoki an saita su ne a kan zafin digiri 40, kuma akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kwano da tsakar rana yakan zarce haka. Ko kuma sukurun bakin waya ya yi sako-sako, wajen ya yi baƙi, yana ƙaurin roba. Ɗaurewa kawai yake so, bayan an kashe wuta daga inda take shigo wa burekar.

Sai lambar kA da ke jikinta, wadda kusan ba mai kallo. Ita ke nuna ƙarfin wutar da za ta iya tsinkewa ba tare da ta fashe ba. Ƙaramar bureka ta gida 6kA ce galibi, babba kuwa akwai 25kA, akwai 36kA. Wanda masana'antarsa ke gindin taransifoma ya nemi mai lamba babba. Jabu kuma sun yi yawa: ka ɗaga ka ji ba nauyi, wata in an fasa ta makunni ne kawai a ciki. Rubutun IEC 60947-2, wato lambar ƙa'idar da ake ƙera ta a kai, shi ma masu jabu suna kwaikwayonsa, don haka a karɓi rasit duk inda aka saya.

Mu ƙara da cewa babbar bureka ba ta hana wuta jan mutum. Wannan aikin RCCB mai 30mA ne, wata na'ura daban da ke yanke wuta da zarar ta fara bi ta jikin mutum, kuma masu ruwan leda su suka fi buƙatarta.

Idan babbar bureka ta faɗi, hannunta a tsakiya yake tsayawa. A rage kaya, a bari ta huce, a danna ta ƙasa sosai sannan a ɗaga. In ta sake faɗuwa nan take, a ƙyale ta a kira mu. Mai zuwa shago ya taho da tsohuwar da guntun wayar, ko hotonsu a waya. Muna buɗe Litinin zuwa Asabar, sai dai lokacin sallar Juma'a.

Allah ya tsare mu da gobara, ya sa albarka a kasuwa.

Naku,
Masu shagon kayan wuta, Sabon Gari, Zariya