Wasiƙa zuwa ga Sani: lissafi ɗaya, amsa biyu

Assalamu alaikum Sani,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ka yi haƙuri da shirun da ka ji, mako uku ke nan ina kokawa da aikin nan na kwamfuta.

Ka san abin da nake kwaikwayo: ruwa yana gudu ya tarar da ginshiƙi zagayayye, a lambar Reynolds 100 (lambar da ke nuna ko gudun ruwa a natse yake ko a hargitse), inda yake sakin juyi a bayan ginshiƙin, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Da OpenFOAM nake yi, manhajar kwaikwayon gudun ruwa. A furosesa ɗaya (ƙwaƙwalwar kwamfuta mai yin lissafi) sai in kwana ina jira, shi ya sa na yanka filin da ruwan ke gudu gida takwas na ba furosesa takwas. Aiki ya yi sauri, amma amsa ta canza! Lokacin da juyin ke farawa ya bambanta, ƙarfin da ruwa ke tura ginshiƙin kuma ya ragu ƙwarai. Na ce to, wanne zan kai wa malamina?

Ashe ciwo biyu ne na ɗauka ɗaya.

Na farkon ba laifin kowa ba ne. Kwamfuta alƙaluma kamar 16 take riƙewa a kowace lamba, sauran ta datse, don haka jerin da aka bi wajen tarawa yana taɓa amsa. Gwada da kanka a Python, harshen rubuta manhaja: tara 0.1 da 0.2 sannan ka ƙara 0.3, za ka ga 0.6000000000000001, fara da 0.2 da 0.3 sannan 0.1, sai ka ga 0.6 cif. Furosesa takwas kowa nasa yake tarawa kafin a haɗa, jeri ya canza ke nan. Za ka ce wannan ɗan ƙura me zai yi? Ai filin nawa dama da hagu daidai suke, babu abin da zai sa ruwa ya karkata gefe sai irin wannan ƙurar. Ita ce ke tayar da juyin, shi ya sa lokacin farawa bai zo ɗaya ba. Da ruwan ya daidaita na auna lambar Strouhal, wadda ke nuna saurin sakin juyin, duka biyun suka ba ni kusan 0.165. Nan hankalina ya ɗan kwanta.

Na biyun kuwa, mutumina, kunya ta sa na kusa ƙin faɗa maka. Ni na rubuta ɗan layin da ke tara ƙarfin da ke kan ginshiƙi, na sa sum maimakon gSum. Shi sum abin da ke hannun furosesa ɗaya kaɗai yake tarawa, gSum ne ke karɓo na kowa. Yankan ya ratsa ta jikin ginshiƙin, sai furosesa na farko ya riƙa buga mini kasonsa ni kuma ina tsammanin duka ne. Harafi ɗaya! Kwana goma ina zargin MPI, hanyar da furosesoshin ke aika wa juna saƙo, har na so in canza na'ura.

Yanzu kafin in yarda da kowane sakamako sai na gudanar da shi a furosesa 1, 2 da 8 in kwatanta. Kai ma da kake shirin raba naka, duba duk inda ka yi tarawa da hannunka tukuna.

Ka gaida Hajiya, ka shafa mini kan yara. Sai na ji daga gare ka.

Naka,
Bashir