Kafin a ɗora wa babur ƙafafun gaban wani, a fara aunawa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan wani aiki da ke ƙara yawa tsakanin masu baburan gudu da makanikan da ke yi musu gyara, wato cire ƙafafun gaban wani babur, wato bututu biyun nan da ke riƙe tayar gaba, waɗanda a garejinmu muke kira fok, a ɗora wa wani babur daban. Na daɗe ina wannan sana'a, na yi aikin da hannuna, na kuma karɓi wanda wasu suka yi domin in gyara. Abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane da yawa ke ɗauka cewa da zarar noti ya ɗauru kuma taya ta juya, to aiki ya kammala, alhali a lokacin ne ya kamata a ce an fara.

Ba na zargin duk wanda ke sha'awar wannan sauyi, domin yana da hujja. Mu ɗauki Suzuki SV650, wanda ya fito a 1999, babur mai injin kirki da firam mai kyau, amma shakazobar gabansa mai kaurin milimita 41 irin ta da ce, wadda mai ke bi ta wasu ramuka da girmansu ba ya canzawa. Irin wannan takan yi laushi fiye da kima idan aka taka birki, sannan ta yi tauri kamar sanda idan taya ta daki wani abu da sauri, saboda man ba ya samun isasshiyar hanyar wucewa. A ɗaya gefen kuma, Suzuki GSX-R600 ya samu ƙafafun da aka kifa, masu kaurin a sama, a 2004, Yamaha R6 da Honda CBR600RR suka bi sahu a 2005. Cikin waɗannan akwai bawul mai siraran faya-fayan ƙarfe da ke lanƙwasawa gwargwadon ƙarfin bugun, ana iya saita su daga waje, kuma da yake bututun mai kauri ne ke cikin mariƙi, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafafun da wuyan babur, ba sa lanƙwasa da sauƙi a inda nauyin birki ya fi taruwa. Wanda ya taɓa hawa iri biyun ya san bambancin, kuma shi ya sa ɗora gaban GSX-R a kan SV650 ya zama ɗaya daga cikin sanannun sauye-sauye a duniyar babura.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Ƙafafun da kamfani ya ƙera an auna su ne da firam ɗin babur guda, da nauyinsa, da tsawonsa, kuma abin da ke sa babur ya miƙe a hanya ba tare da matuƙi ya yi kokawa da shi ba wata 'yar rata ce da ido ba ya gani. Idan aka ja layi ta tsakiyar wuyan babur har ƙasa, layin zai sauka a gaban inda taya ta taɓa ƙasa, kuma tazarar da ke tsakanin wuraren biyu ita ce makanikai ke kira tirel. Duk wanda ya tura kujerar ofis mai taya ya ga aikinta, domin tayar kujerar tana bin bayan sandar da take juyawa a kai, shi ya sa take daidaita kanta ta bi inda aka nufa. A yawancin baburan gudu wannan rata ba ta yin nisa da milimita 100. Idan ta yi yawa, babur ya yi nauyin shiga kwana. Idan ta yi kaɗan, ya yi saurin juyawa, amma ya rasa natsuwa, har kansa ya iya fara kaɗawa hagu da dama a lokacin da ake tsananin gudu.

Abubuwa uku ne ke yanke wannan rata: girman taya, da karkatar wuyan babur, da kuma yadda mariƙan da ke riƙe ƙafafun suka tura su gaba da sandar wuya, abin da ake kira ofset. Lissafin ba shi da wuya, kuma ina so masu karatu su gani da adadi. Tayar gaba mai lamba 120/70-17, wadda kusan duk baburan gudu na zamani ke amfani da ita, daga tsakiyarta zuwa ƙasa kimanin milimita 300 ne. Idan wuyan babur ya karkata da digiri 25, ofset kuma milimita 30 ne, ratar za ta kai wajen milimita 107. A kawo mariƙan wani babur masu ofset 35, nan take ta sauka zuwa 101. Yanzu a ƙara da cewa sababbin ƙafafun sun fi na asali gajarta da milimita 25, wanda abu ne da ke yawan faruwa domin baburan tsere gabansu a ƙasa yake. A babur mai tazarar kimanin milimita 1,430 tsakanin tayoyinsa biyu, wannan gajarta za ta rage karkatar wuya da kusan digiri ɗaya, ratar kuma ta koma wajen 95. Ke nan an zaftare mata milimita 12, fiye da kashi ɗaya cikin goma, ba tare da wani ya yi niyya ba. Ba ina cewa 95 haɗari ba ce a kan kanta, akwai baburan da aka ƙera a kan haka. Abin da nake cewa shi ne, waɗancan an tsara rabon nauyinsu da sauran sassansu domin su dace da ita, wasu ma an sa musu na'urar da ke hana kai kaɗawa, amma wannan babur ya faɗa cikinta ne bisa kuskure. Idan mai shi ya riga ya ɗaga bayan babur ɗin da doguwar shakazoba, to ragin ya ƙaru, kuma duk lokacin da aka matse birki gaba ya nutse, ratar tana ƙara raguwa a daidai lokacin da aka fi bukatarta.

Gajartar ƙafafu tana da wata illa da ni kaina na koya da tsada. Shekaru da suka wuce na yi wa wani babur wannan aiki, komai ya zauna, na juya kai hagu da dama babu abin da ya taɓa wani, na miƙa wa mai shi. Bayan kwana kaɗan ya dawo da shi, murfin tayar gaba ya tsage, ƙasan lagireto kuma ya lotse yana ɗigar ruwa. Birki ya taka da ƙarfi, ƙafafun suka nutse har ƙarshensu, taya ta je ta tarar da lagireto. Allah Ya kiyaye bai faɗi ba, amma har yau idan na tuna gabana yakan faɗi, domin laifin nawa ne: na gwada babur ɗin yana tsaye a miƙe, ban gwada shi a nutse ba. Tun daga ranar ba na sakin irin wannan aiki sai na ɗaga gaban babur, na cire sifirin daga cikin ƙafafun, na tura taya sama har inda za ta iya kaiwa, wanda a irin waɗannan babura wajen milimita 120 ne, sannan in juya kai zuwa ƙarshen hagu da ƙarshen dama ina duba tsakanin taya da lagireto da bututun salansa, da tsakanin hannu da tanki, da kuma ko wayar birki ta ɗame ko ta naɗe.

Wurin da aka fi yin aika-aika shi ne sandar wuya, wadda ke ratsa firam ta juya a kan boris biyu. Da wuya sandar babur ɗin da aka ciro ta yi daidai da wuyan wanda za a sa wa, ko dai a tsawo ko a kauri. Hanyoyin kirki sanannu ne. Akwai kamfanonin da ke sayar da boris na musamman wanda cikinsa ya dace da sabuwar sanda, wajensa kuma ya dace da tsohon firam, kuma da yake ana rubuta girman boris da lambobi uku, faɗin ciki da faɗin waje da tsayi, mai ma'auni a hannu zai iya gano wanda yake bukata. Idan tsawo ne bai kai ba, ana iya fitar da sandar daga mariƙin ƙasa da injin matsa a sa ta asali in kaurinsu ya zo ɗaya, ko a ba ƙwararren mai injin yankan ƙarfe ya ƙera sabuwa. Abin da nake roƙon 'yan'uwana makanikai su bari shi ne yanke sanda biyu a haɗa su da walda, da kuma cusa gwangwani a gefen boris domin ya cike gurbi. Wannan sanda ita ke ɗauke da duk ƙarfin da birkin gaba ke turawa cikin firam, kuma ranar da za ta karye ba a ajiye babur yake ba.

Shawarata ga mai son yin aikin ita ce ya sayi gaban gaba ɗayansa daga babur guda, kuma na shekara guda: ƙafafu, mariƙai biyu, sandar tsakiyar taya da zobbanta, wili, faya-fayan birki, kalifa da ke damƙe faifan birki, har da masta, wato famfon man birki da ke kan hannu. Wanda ya tsinto kowanne daga wuri daban zai ƙare da faifan da bai zauna a tsakiyar kalifa ba, ko wilin da ya goce gefe guda. Ko ramukan ɗaure kalifa irin na zamani ba ɗaya ba ne, domin yawancin baburan Japan tazarar milimita 108 suke amfani da ita, yawancin na Turai kuma 100. Batun masta ma ba ƙarami ba ne. Idan fistin ɗinta ya yi wa sababbin kalifa ƙanƙanta, hannun birki zai yi laushi ya tafi har ya kusa taɓa mariƙin hannu kafin ya kama. Idan ya yi girma, hannun ya yi tauri kamar itace, ƙarfin kamun kuma ya ragu. Akwai kuma ƙananan abubuwa da ake mantawa sai an gama, kamar mazaunin makulli, da ƙarfen da ke tsayar da kai kada hannu ya matse yatsa a jikin tanki, da agogon gudu. SV650 na farko-farko daga tayar gaba yake karanta gudu, GSX-R kuwa ba daga can yake karantawa ba, saboda haka wanda bai tanadi mafita ba zai tarar agogonsa ya mutu. Babur mai birkin ABS, wanda ke hana taya kullewa idan an taka birki, ya fi wannan wuya, domin zoben da na'urar ke karantawa dole ya dace da abin da kwamfutar babur ɗin ta sani.

Kada kuma a manta daga ina waɗannan kaya suke fitowa. Mafi yawansu an ciro su ne daga babur da ya yi hatsari, kuma gaba ne ke fara shan bugu. Bututun da ya lanƙwashe kaɗan ido ba zai gani ba, sai an kwance shi an ɗora a kan mazauni an juya da ma'auni mai allura. Mariƙin ƙasa ma yakan murɗe, alamarsa kuwa ita ce ƙafafun biyu su ƙi shiga mariƙin sama da sauƙi, ko sandar taya ta ƙi wucewa sai da guduma. Ko kayan sun fito lafiya, sifirin da ke ciki an zaɓe shi ne domin nauyin wani babur, don haka sai a auna yadda gaban ke nutsewa idan matuƙi ya zauna da kayansa, a nemi wajen milimita 30 zuwa 35 domin hawan titi, in bai samu da saiti ba a canza sifirin. A canza mai da robar da ke hana shi tsiyaya, a ɗaure notocin mariƙi da sifana mai auna ƙarfin ɗauri bisa abin da littafin babur ɗin da aka ciro kayan ya faɗa, domin matse mariƙin ƙasa fiye da kima yana matse bututun har ƙafar ta riƙa sarƙewa a ciki.

Zan faɗi ra'ayina a fili, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Fiye da rabin waɗanda ke zuwa wurina da wannan buƙata ba sauyin gaba suke bukata ba. Sifirin da ya dace da nauyinsu, da sabon mai mai kaurin da ya kamata, da ɗan bawul ɗin da kamfanoni irin su Race Tech ke yi domin sa wa tsofaffin ƙafafu su yi aiki kusa da na zamani, sun isa su sauya musu babur, kuma wuya da birki da tirel duk suna nan yadda injiniyoyi suka tsara. Wanda ke shiga filin tsere, ko wanda gabansa na asali ya lalace babu madadi, shi ne sauyin ke yi wa amfani sosai. Ya kuma kamata ya sani cewa a ƙasashe da dama irin wannan sauyi sai an sanar da kamfanin inshora, a Jamus ma sai masu binciken ababen hawa sun duba sun amince kafin a hau titi da shi.

Roƙona ga duk makanikin da zai karɓi wannan aiki shi ne, kafin ya kwance noti ko ɗaya, ya auna tsawon ƙafafun asali daga saman mariƙi zuwa tsakiyar taya, ya auna ofset, ya auna tsayin gaban babur daga ƙasa, ya rubuta a takarda, bayan ya gama ya sake aunawa ya rubuta a gefensu, ya miƙa wa mai babur takardar tare da makulli. Mai babur kuma ya fara gwaji a fili marar cunkoso, da ƙaramin gudu, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan yana taka birki, kuma bayan hawan farko ya dawo a sake duba boris ɗin wuya, domin sabon boris yakan zauna ya saki kaɗan.

Na gode da wannan fili da ka ba ni.

Naka,
Wani makanikin babura mai karanta wannan jarida