Wasiƙar godiya ga Maigida da ma'aikatan shagonmu na walda a Ƙofar Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Maigida, Allah ya ƙara girma. Na san ba ku son a riƙa yayata alherinku, kuma da na nemi izini kafin in rubuta wannan wasiƙa da kun hana ni. Ku yi mini afuwa. Na zaɓi in faɗa a bainar jama'a ne domin Kano cike take da shagunan walda da gareji, kuma wata rana wani ma'aikacin zai shiga halin da na shiga. Ina so mai shagonsu ya ji yadda kuka yi da ni.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni mai walda ne, da ita na yi aure, da ita nake ciyar da iyalina. Ciwon ya fara da kasala da haki, sai jiri, har ta kai ni ga suma a bakin aiki. A asibiti likitan zuciya ya ce bugun zuciyar babban mutum in yana hutawa yakan kasance tsakanin 60 zuwa 100 a minti ɗaya, nawa kuwa ya faɗo ƙasa da 40, saboda saƙon lantarkin da ke sauka daga saman zuciya zuwa ƙasanta ya toshe. Ya ce ƙwaya ba ta gyara wannan, sai an dasa na'urar daidaita bugun zuciya, wadda mu a shago muke kira batiri. Kuɗinta miliyoyin naira ne. Ku ne kuka fara ajiye abin da kuka ajiye, yaran shago suka yi karo-karo, 'yan uwa suka cika.

Aikin kansa bai tsorata ni kamar yadda na zata ba. Allurar kashe zafi aka yi mini, ina farke, aka tsaga fata a ƙasan ƙashin wuya ta hagu, aka zura wayoyi ta jijiya har cikin zuciya, aka kwantar da na'urar a ƙarƙashin fata. Abin da ya karya mini gwiwa ya zo ne ranar sallama. Likita ya tambayi sana'ata, da na ce walda, sai ya ajiye biro. Ya ce wutar walda tana iya ruɗa na'urar, ta ɗauka zuciya na bugawa da kanta alhali ba ta yi, sai ta dakata. Masu ƙera na'urar suna cewa in ya zama dole, kada ƙarfin wutar ya wuce ampiya 160, kuma a bar tazarar santimita 60 tsakanin ƙirji da inda ake walda. Amma ni da zuciyata ta dogara da ita, shawararsa in haƙura da riƙe wutar gaba ɗaya. Duk mai walda ya san ba a haɗa get ɗin gida da ƙirji a nesa.

Na dawo gida da tunanin cewa an ceto raina an tafi da abincina. Makonnin farko an hana ni ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa da ɗaukar kaya mai nauyi, don kada wayoyin su goce kafin su kama. Ko kabbara a hankali nake yi. A wannan zaman, kuɗin mako bai taɓa yankewa ba. Kuna aiko yaro da shi, har da cefane wani lokaci, ba ku taɓa tambayar yaushe zan dawo ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da kuka ce ku da kanku za ku raka ni ganin likita. Kuka zauna kuna yi masa tambaya ɗaya bayan ɗaya: injin walda fa, janareto fa, injin yankan ƙarfe fa, maganaɗisun da muke riƙe kusurwa da shi fa? Kuna rubuta amsar a bayan littafin rasit. Da muka dawo kuka sa aka mayar da janareto can ƙarshen fili, aka ja wayoyin walda ta gefen bango, aka kafa mini tebur a bakin ƙofa. Kuka damƙa mini awo, lissafin ƙarfe, yi wa masu kawo aiki kuɗi, da duba aikin yara bayan an kashe inji. Kuka ce idon da ya daɗe yana ganin walda ya fi hannun da ke yin ta tsada. Wallahi wannan magana ita ta tashe ni, fiye da duk wani magani.

Ban manta da ku ba, yaran shago. Kun koyi kiran sunana kafin ku tayar da inji idan ina kusa. Kun daina ajiye maganaɗisu a kan teburina. Ƙaramin cikinku shi ya lura ina mayar da waya aljihun gaban riga, daidai kan na'urar, ya tuna mini cewa likita ya ce a bar tazarar santimita 15, a kuma riƙa amsa kira da kunnen dama. Har yau shi ke sa mini ido a kan wannan. Ba wanda ya taɓa nuna mini cewa na zama kaya a wuyanku.

Yanzu, alhamdu lillahi, jiri ya tafi. Ina hawa bene ba tare da na tsaya a tsakiya ba, ina zuwa masallaci da ƙafa, barci ma ya dawo. Katin na'urar ba ya barin aljihuna, ina nuna shi a ƙofar banki da duk inda ake caje da sandar gano ƙarfe, in roƙe su kada su tsayar da ita a kan ƙirjina. Ba na sunkuyawa a kan injin mota yana aiki. Lokaci-lokaci ina komawa asibiti, su ɗora wani abu a kan wurin, kwamfuta ta nuna yadda na'urar ke aiki da sauran ƙarfin batirin, wanda yakan kai shekara goma ko kusa da haka kafin a sauya shi. Duk ranar da zan je, ba sai na roƙi izini ba, ku ne ma kuke tuna mini.

Wata rana na tambayi likita ko mutum yana daɗewa da wannan abu a jiki. Ya ba ni labarin Arne Larsson, mutumin da aka fara dasa wa irin wannan na'ura a ƙasar Suwidin a 1958. An sauya masa fiye da guda 20 a rayuwarsa, ya rayu har 2001, yana da shekara 86, bayan likitan da ya yi masa aikin da injiniyan da ya ƙera na'urar duk sun riga shi rasuwa. Rai na hannun Allah, amma labarin ya sanyaya mini zuciya, kuma ku ne mutum na farko da na kawo wa shi.

Har yanzu ina kewar walda, ba zan ɓoye ba. Idan na ga yaro ya ja layi a karkace, hannuna yakan yi ƙaiƙayi. Sai in kira shi in nuna masa da baki, kuma na ga aikinsu yana gyaruwa.

Maigida, Allah ya saka da mafificin alheri, ya jiƙan mahaifanku, ya albarkaci zuri'arku, ya buɗa wa wannan shago ƙofofin arziki na halal. Yaran shago, Allah ya ba kowannenku nasa shagon, ya haɗa ku da ma'aikata masu amana. Likitoci da ma'aikatan jinya da suka kula da ni, Allah ya biya ku.

Wassalam.

Naku,
Ma'aikacinku mai teburin bakin ƙofa.