Baƙin allo ba mutuwar kwamfuta ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin ɗalibanmu na nan Yamai, da kuma abokan sana'ata masu gyaran kwamfuta. Lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zagayo, kuma kukan da na saba ji ya fara. Yaro zai shigo shago da laftaf a hammata, ido ya yi ja, ya ce allo ya yi baƙi, ya kai wani wuri an ce sai an formate, wato a goge komai a sake saka tsarin, an karɓi jikka biyar, aikin watanni ya bi ruwa. In ka bi diddigi, sau da yawa ba abin da ya sami na'urar sai direban katin hoto, wato manhajar da ke tuƙa shi, da aka saka bai zauna ba.

Da masu Ubuntu nake, wato tsarin Linux da wasu ke sakawa maimakon Windows, don su suka fi kawo mini wannan. Yawancin laftaf na hannu masu ɗan ƙarfi da ake sayarwa nan katin hoto biyu gare su, na Intel da na NVIDIA. Ubuntu kan tuƙa na NVIDIA da direba na kyauta mai suna nouveau. Ranar da ɗalibi ya saka direban kamfanin NVIDIA, sai a rufe nouveau don kada su yi karo. To idan sabon ya ƙi tashi, an saki reshe an kama ganye ke nan. Sai ka ga baƙin allo da ɗan layi yana ƙiftawa a kusurwa, ko ka sa kalmar sirri ya sake maido ka wurin sa kalmar sirri. Amma fayilolinka suna nan daram a kan diski, ko ɗaya bai motsa ba.

Ga yadda za ka gani da idonka. Danna Ctrl da Alt da F3 tare, a wasu laftaf har da Fn. Rubutu fari zai fito yana neman sunanka. Lokacin sa kalmar sirri ba za ka ga komai ba, ko tauraro, haka yake, ci gaba. Rubuta ls Documents, ga kundinka nan. Kafin ka taɓa wani abu, kwafe shi a kile, wato USB.

In hakan bai yi ba, sake kunnawa ka riƙe Shift ko ka danna Esc har jerin GRUB, mai tayar da Ubuntu, ya fito. Danna e, nemi layin da ya fara da linux, bayan quiet splash ka ƙara nomodeset, sannan F10. A nan ne mutane da yawa ke tsayawa suna zufa, domin laftaf ɗinmu na Faransa ne masu jerin madannai na AZERTY, shi kuwa GRUB da tsarin Amurka yake karanta madannai. Ka danna M sai wata alama ta fito. Harafin yana kan madannin waƙafi, wanda ke kusa da N. Hoton zai fito da manyan haruffa, ba kyau, amma ka shiga.

Yanzu sai neman dalili, kuma wanda na fi gani shi ne Secure Boot, wani tsaro da ke aiki lokacin tashin kwamfuta. Idan yana kunne, kwamfuta ba ta yarda da direban da ba ta san sa hannunsa ba. Shi ya sa bayan sakawa wani shuɗin allo ke fitowa yana maganar MOK, wato rajistar sa hannun direban. Yaranmu da sun gan shi sai tsoro, su zaɓi Continue boot su wuce, alhali Enroll MOK ake so, da kalmar sirrin da suka sa lokacin sakawa. Umarnin mokutil --sb-state zai faɗa maka ko yana kunne, kuma ana iya kashe shi a BIOS, wato saitin kwamfuta da ake shiga lokacin kunnawa.

Sai tsufan kati, wanda masu sayarwa ba sa faɗa. Tsofaffin katunan NVIDIA na zamanin Fermi sun tsaya a direba mai lamba 390, wanda NVIDIA ta daina kula da shi a ƙarshen 2022, na Kepler kuma a 470. Ka ɗora wa irin wannan kati sabon direba, ba zai ma gan shi ba. Shi ya sa ba na son fayil ɗin nan mai ƙarewa da .run da ake saukowa kai tsaye, a ƙona mega a banza. Ko ya yi aiki yau, ran da aka sabunta kernel, wato zuciyar Ubuntu, yana iya faɗuwa, musamman in ba a haɗa shi da DKMS mai sake gina direba a kan sabon kernel ba. Akwai kuma ɗauke wuta ana tsakiyar sakawa ga batir da ya mutu, maganinsa sudo dpkg --configure -a. Diski in ya cika maƙil shi ma yana hana shiga, df -h zai nuna.

Cirewa ba wuya. Wanda ya saka ta apt, hanyar saka manhaja ta Ubuntu, ya rubuta sudo apt purge 'nvidia-*', mai .run kuma sudo nvidia-uninstall. In akwai /etc/X11/xorg.conf da direban ya bari, a sake masa suna. Sake kunnawa, nouveau ya dawo bakin aiki. Daga nan ubuntu-drivers devices zai nuna lambar da ta dace da katinka. Ni a ganina ma, wanda rubutu kawai yake yi, ya bar laftaf a kan katin Intel. A zafin Afrilu na Yamai, fanka za ta huta, batir ya ƙara jimawa.

Abokan sana'a, na san formate ya fi sauri, ga layi na jira, ga haya. Amma tayar da kwamfuta da kile na Ubuntu a kwashe fayilolin mutum ba ya cin rabin awa in ba su da yawa. Ku ƙara masa kuɗin aikin, zai biya da murna. Kai kuma ɗalibi, in ka kai gyara, kada ka tafi cin abinci. Zauna kan benci har ka ga kundinka ya buɗe daga kilenka a wata kwamfutar, sannan ka ba da izinin gogewa.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai gyaran kwamfuta, Yamai