Neman Shagon Zaren Saƙa Mai Inganci

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni ɗan fili in nemi shawarar masu karatu. Gwaggona za ta kawo mana ziyara a wata mai zuwa, kuma mace ce da ba ta rabuwa da tsinken saƙarta, don haka na yi niyyar kai ta shagon da za ta zaɓi zare da hannunta.

Na zagaya shaguna da dama, amma yawancinsu zaren roba kawai suke ajiyewa. Ba na raina shi, domin yana jure wanki, sai dai ita ta fi son ulun tumaki na gaske, musamman na merino mai laushi, wanda ke riƙe ɗumi. Ta kuma gargaɗe ni cewa shagon kirki shi ne wanda zarensa ke ɗauke da takardar da ta nuna nauyinsa, ko giram 50 ko 100, da tsawonsa a mita, da kaurin tsinken da ya dace da shi, da lambar rini. Wannan lambar ita ta fi damunta, saboda dunƙule biyu masu launi ɗaya, idan ba tare aka rina su ba, bambancinsu yakan fito fili a jikin riga bayan an gama wahalar saƙa.

Duk wanda ya san shagon da mai shi ya fahimci saƙa, yake kuma barin mai saye ya taɓa zare kafin ya biya, don Allah ya sanar da mu ta wannan shafi.

Wassalam,
Wata mai karatu