Masu zuwa Kaulaha, don Allah ku ware wa tsibirin Gore yini ɗaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya kai da duk ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ɗan samma mini fili in yi magana da 'yan uwana masu tafiya Senegal, musamman mutanenmu na nan Zariya da kewaye, don yanzu kusan ba unguwar da za ka shiga, daga Tudun Wada har cikin birni har Samaru, ba ka samu wanda ya je Kaulaha ziyarar Shehu Ibrahim Inyass ba ko wanda yake adashen zuwa. Wasu ta mota wasu ta jirgi. To amma in ka tambayi mutum ya ya ga Dakar sai ya ce maka ai wucewa kawai suka yi, an sauka an hau mota an nufi Madina Baye, an dawo an sayi turare da carbi da hotuna shikenan. Alhali ga wani ɗan tsibiri nan a bakin Dakar ɗin, ana hango shi ma daga tashar jiragen ruwa, wanda mutane ke tasowa tun daga Amurka da Barazil takanas don shi kaɗai, mu kuma da ko biza ba a tambayarmu saboda ECOWAS muna wuce shi.

Sunansa Gore. Ƙarami ne ƙwarai, tsawonsa wajen mita 900 faɗinsa kuma mita 300 da 'yan kai, wanda ya saba takawa daga Ƙofar Doka zuwa fada ba zai ma ji ya yi tafiya ba. Mutanen da ke zaune a kai ba su kai dubu biyu ba. Babu mota ko ɗaya, ba mashin ba Keke Napep, lunguna ne kawai na yashi da duwatsu da tsofaffin gidajen bene masu fenti ja da ruwan ɗorawa, furanni sun zubo ta kan katanga. Jirgin ruwa ke kai mutane daga Dakar, minti ashirin ne, kuma ɗan Afirka kuɗin tikitinsa bai kai na Bature ba in dai ka nuna fasfo, saboda haka kar a bar shi a masauki. Tun a cikin jirgin matan da ke da rumfuna a tsibirin za su fara kama ka da hira, kowace ta gaya maka sunanta ta ce alƙawari ne fa sai ka biyo ta wajenta, kuma wallahi ba sa mantuwa, ko bayan awa nawa ne sai ta gane fuskarka ta tare ka. Da jirgin ya matso gaɓa kuma ga yara nan a cikin ruwa suna jira a jefa musu kwandala su nutse su ɗauko.

Abin da ya sa Turawa suka yi ta kashe juna a kan wannan ɗan dutse ba wuya a gane. Yana can ƙurewar yammacin Afirka, ƙasar Dakar ta yi masa garkuwa daga haukan teku don haka jirgi na iya tsayawa lafiya, sannan ruwa ya raba shi da sarakunan tudu, ba mai kawo maka hari da doki. Turawan Fotugal ne suka fara isa a 1444, daga baya na Holan suka karɓe suka sa masa wannan suna suka gina ganuwoyi, sai Faransa ta ƙwace a 1677. Ingila ma ta sha fizge shi tana mayarwa, sai a 1817 ya zauna daram a hannun Faransa har zuwa 'yancin kan Senegal a 1960. Matsalarsa tun asali ruwan sha ne, dutse ne a tsakiyar ruwan gishiri, kuma wannan ƙuncin wuri na cikin abin da ya sa da aka kafa Dakar a 1857 'yan kasuwa suka riƙa tattara komatsansu suna hayewa tudu, Gore ya koma baya. Ni a ganina ma komawa bayan ne ya cece shi, don da kasuwa ta ci gaba da ci a wurin da tuni an rushe gidajen nan an yi shaguna, kamar yadda muka iya.

Wurin da kowa ke nufa shi ne Gidan Bayi, wanda aka gina wajen 1776 aka kuma buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1962. Kana shiga tsakar gida za ka ga matakala biyu sun lanƙwasa sun haɗu a sama, saman bene nan ne masu gida ke zama, iska na shigowa daga teku, ƙasan kuma ɗakuna ne ƙanana masu duhu da ɗanshi, taga sai dai 'yar tsaga a jikin bango. An rubuta a bakin kowace ƙofa da Faransanci, nan na maza, nan na mata, nan na yara, nan na 'yan mata, ga ɗakin awo inda masu jagora ke cewa ana auna nauyin mutum. A ƙarƙashin matakalar akwai wani rami da suka ce na masu taurin kai ne, ko tsugunne sai ka sunkuyar da kai. Tsakanin matakalan biyu kuma wani siririn lungu ya miƙe har zuwa wata ƙofa da ta buɗe kai tsaye kan teku, ita ce ake ce wa ƙofar da in ka fita ba dawowa. Na ga ƙatti baƙaƙen fata 'yan Amurka sun tsaya a wurin suna kuka wiwi, ni ma da na je da shirin kallo kawai sai da jikina ya yi sanyi. Abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba ƙofar ba ce, kusancin saman da ƙasan ne, katako kawai ya raba su, ana cin abinci a sama ana jin motsin mutanen da ke ƙasa.

Mutum ɗaya ne ya ɗaga gidan nan a idon duniya, Bubakar Joseph Ndiaye, wanda ya kula da shi shekara da shekaru yana ba baƙi labari har ya rasu a 2009. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 1978, yana cikin rukunin farko ma. Mandela ya je, Fafaroma John Paul na biyu ya je a 1992 ya nemi gafara kan cinikin bayi, Clinton a 1998, Bush a 2003, Obama a 2013.

Sai dai Malam Edita gaskiya ɗaya ce, kuma gara mai zuwa ya tafi da saninta. Masana tarihi da yawa ba su yarda da lissafin miliyoyin da ake cewa sun fita ta wannan ƙofa ba, sun ce wurin ya yi ƙanƙanta, bayan ƙofar ma duwatsu ne da jirgi ba zai iya matsowa ba, gidan kuma na wasu attajirai ne masu jinin Faransa da Afirka waɗanda yawancin bayin da ke ƙasa na hidimar gida ne da na kasuwanci. An fitar da bayi daga Gore tabbas, amma manyan tashoshin suna can ƙasa, Luwanda da Wida da Boni da Kalaba da Legas. A 1996 wata jaridar Faransa ta buga wannan magana aka yi ta cacar baki a Senegal. Ni dai ban ga abin faɗa ba, ko mutum ɗari ne aka ɗaure a ɗakunan nan ai ya isa a tsaya a yi tunani, kuma abin da ya faru ba ya buƙatar a ƙara masa gishiri.

Kuma wannan lissafin ya shafe mu kai tsaye, don Hausawan da aka tsallakar da su teku ba ta Gore suka bi ba, ta Legas da Badagari da Wida aka fitar da su, akasari lokacin yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19, da yawansu aka kai su Bahiya a Barazil. A can Hausawa ne suka ƙulla boren 1807, sannan a 1835 cikin watan azumi bayi Musulmi suka tashi a birnin Salbado, yawanci Yarabawa da Hausawa a cikinsu, aka samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Yaranmu nawa suka san wannan? Kuma kar mu yi ta nuna Bature da yatsa kamar mu hannunmu tsaf yake, ƙasar Zazzau ta yi suna wajen kai hari kudu, akwai rinji ko'ina, ana kai bayi Sakkwato cikin gaisuwar shekara, kuma duk da Turawa sun shigo Zariya a 1902 ba a haramta bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Jiya-jiya kenan, kakannin wasunmu sun gani da idonsu. Har gobe in an zo maganar aure a wasu gidajen ana raɗa a bincika asali. Amma ba mu da ko ɗaki ɗaya da za ka kai ɗan makaranta ka ce masa ga abin da ya faru, mun share kawai mun yi shiru. Su 'yan Senegal ba su ɓoye cewa wasu mata attajirai na tsibirin a wancan zamanin, waɗanda ake kira sinyar, su ma sun mallaki bayi sun yi arziki da su ba, mai jagora zai gaya maka da bakinsa.

Ba Gidan Bayi kaɗai ba ne fa, kar mutum ya fito ya koma jirgi. A can kudancin tsibirin akwai tudun dutse da ake kira Kastel, hanyar hawansa itatuwan kuka ne da masu zane sun baje kayansu, akwai masu yin hoto da yashi kala-kala su shafa gam a kan katako su zuba su girgiza sai ka ga mace ɗauke da tulu ta fito, a gabanka cikin minti kaɗan. A sama akwai manyan igwa na Faransa, daga nan kana ganin Dakar gaba ɗaya. A gindin tudun kuma masallaci ne na dutse a bakin ruwa, an gina shi wajen 1890, yana cikin tsofaffin masallatan dutse a ƙasar, igiyar ruwa na dukan gindinsa kana sallah kana ji, don zaizayar teku na cin gaɓar tsibirin a hankali kuma abin na damun mazauna. Akwai coci ta 1830 ita ma tana nan ana shiga. Ta arewa akwai zagayayyen sansanin soja na shekarun 1850 da aka mayar gidan tarihin Senegal.

Abin da ya fi burge ni a matsayina na Bazazzagi shi ne makarantar William Ponty, wadda ta zauna a tsibirin daga 1913 zuwa 1937. Ita ce Barewar ƙasashen Faransa, yadda tamu da ta faro a Katsina a 1921 ta dawo Zariya a 1949 ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, haka ita ma ta yaye Houphouet-Boigny na Kwaddibuwa da Modibo Keita na Mali da Diori Hamani na maƙwabtanmu Nijar. Shi kansa filin jirgin da mutanenmu ke sauka, wanda aka buɗe a 2017, sunan ɗan Gore yake ɗauke da shi, Blaise Diagne, an haife shi a tsibirin a 1872, shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da aka zaɓa majalisar dokokin Faransa a 1914. Har yau ma akwai makarantar kwana ta 'yan mata masu hazaƙa a can mai sunan Mariama Ba.

To yanzu a duba, ɗan wuri kamar wannan yana ciyar da masu jirgi da masu abinci da masu jagora da masu zane, kawai don an hana rushe tsohon gini an kuma samu masu ba da labari. Mu ganuwar Zazzau ana ta yankarta ana buga bulo ana gina gidaje a kanta, Kufena da Turunku sai 'yan makaranta in an yi sa'a, masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda masana gini na duniya suka yi ta rubutu a kai, sai da wani sashe ya rufta kan masallata a watan Agustan 2023, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Duk faɗin Najeriya wurare biyu kacal ke cikin wancan jeri na UNESCO, Sukur a Adamawa da kurmin Osun a Oshogbo. Ba na son in tsawaita a nan don magana ce ta wata wasiƙar daban.

Roƙona ga shugabannin zawiyoyi da masu shirya tafiya shi ne a sa Gore cikin tsarin tun daga gida, a gaya wa mutane kuɗinsa tun wuri a haɗa da na mota, don talaka in ya riga ya ƙarar da sefarsa a kasuwar Kaulaha ba zai ƙara ko sisi ba. Kaulaha zuwa Dakar bai kai kilomita 200 ba, ana iya yi kafin ziyara ko bayanta. A kama jirgin safe kafin rana ta yi zafi, a guji Litinin don Gidan Bayi a rufe yake, da tsakar rana ma suna tashi hutu. A nemi mai jagora da ke jin Turanci ko a tafi da ɗan Nijar ya yi tafinta, in ba haka ba sai dai a yi ta kallon bango. Abinci kuwa ba matsala, ga shinkafa da kifinsu ga zoɓo mai sanyi ga shayin ataya, sai dai na bakin gaɓa akwai tsada, gara a ɗan shiga lungu. Kuma a tambayi lokacin jirgin dawowa tun ana sauka, don kwanan tsibirin ba na aljihun mai ziyara ba ne.

Na gode Malam Edita, a huta lafiya.

Naku,
Mai karatunku daga Tudun Wada, Zariya