Takardun mota nauyin mai sayarwa ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan yadda ake cinikin motoci a ƙasar nan, musamman abin da ya shafi takardu.

A mafi yawan wuraren dilolin motoci, ciniki yana ƙarewa ne da an yi "sallama" an biya la'ada. Mai saye ya duba inji, ya duba giya, ya kawo bakanike ya leƙa ƙarƙashi, ya tambaya ko an taɓa fenti. Takardu kuwa sai a miƙo masa su cikin ambulan a ƙarshe, wani lokacin ma a ce ya dawo jibi ya karɓa. Daga ranar duk wata matsala da ke cikin ambulan ɗin ta zama tasa. Wannan shi ne abin da nake ganin bai dace ba, domin wanda ya shigo da motar ko ya saye ta don ya sayar shi ya san tarihinta, shi kuma ya ci ribarta.

Mota tokumbo, wadda muka fi sani da Beljiyam, takardarta ta farko ita ce ta kwastan, shaidar an biya kuɗin fito. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa. Amma kowa ya san motocin Kwatano, wato waɗanda ake biyowa da su ta Jamhuriyar Benin, ba su daina shigowa ba, kuma da yawansu da takardun jabu ake sayar da su, ko takardar wata motar daban da aka gyara wa lamba. A watan Satumban 2019 hukumar kwastan ta rufe wuraren sayar da motoci a manyan biranen ƙasar nan saboda wannan batu. A 2022 ta koma ƙiyasta haraji da lambar shasi, wato lambar nan mai haruffa da alƙaluma 17 da kamfani ke buga wa kowace mota. A 2024 kuma ta ba da wa'adin kwana 90 ga masu motocin da ba a biya musu haraji daidai ba su zo su gyara. Su wa suka fi shan wahalar gyaran? Malamin makaranta ne da ya yi adashe, da ɗan kasuwa, da mai fansho, waɗanda suka riga suka biya dila cikakken kuɗi bisa cewa "takardu sun cika".

Wani maƙwabcina ya sayi mota da kuɗin gadonsa don ya yi haya. Ana tare shi a hanya aka duba aka ga takardar fiton ba ta motar ba ce. Da ya koma wurin da ya saya sai aka ce masa ai motar ba tasu ba ce, ajiye musu ita aka yi, su dillanci kawai suka yi. Rasit ɗin da ke hannunsa ba ya ɗauke da lambar shasi, ba ya ɗauke da sunan ainihin mai motar. Haka ya rasa wanda zai kama.

Ɓangaren da aka fi sakaci da shi kuwa shi ne motocin da aka riga aka yi wa lamba a nan gida. Mota sai ta bi ta hannun mutum huɗu ko biyar tana yawo da sunan na farko, kowa yana sabunta lasin da sunan wanda bai taɓa gani ba. Dokokin zirga-zirgar hanya na ƙasa na 2012 sun wajabta a sanar da hukumar rajistar motoci idan mallaka ta canza hannu, amma mutane suna ganin ɓata kuɗi ne. Haɗarin nan ya shafi kowa. Idan aka yi fashi ko garkuwa da mutane da motar, sunan da ke rajista za a fara nema, ko da ya sayar da ita shekaru da suka wuce. Idan kuma ta sata ce, mai saye ya yi asarar kuɗinsa ya yi asarar motar, domin ɓarawo ba ya iya mallaka wa wani abin da ba nasa ba, sannan ga zaman bayani a ofishin 'yan sanda kan zargin karɓar kayan sata. Addini ma bai bar mu a duhu ba: an hana mutum ya sayar da abin da bai mallaka ba, an kuma umarce mu da kafa shaidu a ciniki.

Abin da ke damuna, ya Edita, shi ne duk wani sabon tsari a kan mai tuƙi yake sauka. Daga Janairun 2023 inshorar dole ta ƙananan motoci ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000. A shekarar aka zo da sabunta shaidar mallakar mota kowace shekara a kan naira 1,000. A Yulin 2024 'yan sanda suka shirya tilasta rajistar motoci ta intanet, har sai da ƙorafi ya yi yawa Sufeto Janar ya dakatar da tilastawar. Ban ƙi ko ɗaya a manufarsa ba. Amma an tara rumbunan bayanai a kwastan, da hukumar kiyaye haɗurra, da 'yan sanda, da hukumomin tara haraji na jihohi, alhali a daidai lokacin da kuɗi ke canza hannu babu wanda ke tsaye a kan mai sayarwa.

Ina kira ga majalisun dokokin jihohinmu su yi doka bayyananna. Kada wanda ya buɗe wurin sayar da motoci sai da rajista da adireshi sananne. Duk motar da ta shiga filinsa, tasa ce ko ajiya, ya rubuta ta da lambar shasi da ta inji da sunan wanda ya kawo ta. Kada makulli ya bar hannunsa sai an tantance takardar kwastan an kuma shigar da canjin mallaka da sunan mai saye. In daga baya aka gano takarda ta jabu ce, dila ya maido da kuɗi, shi ya je ya nemi wanda ya kawo masa. Na san akwai diloli masu tsoron Allah da tuni suke yin haka, kuma su dokar za ta fi amfana, domin masu takardun jabu ne ke karya musu farashi. Ya kamata ƙungiyarsu ta shige gaba a nemanta. Hukumomi kuma su sauƙaƙa canjin mallaka, a san kuɗinsa a rubuce, a gama shi ba tare da 'yan tsakiya ba.

Kafin a kai ga haka, duk mai niyyar sayen mota ya duba lambar shasin da ke jikinta da idonsa ya gwada da ta takarda, ya tantance takardar fito a ofishin kwastan, ya binciki lambar motar a shafin hukumar kiyaye haɗurra, sannan a rubuta yarjejeniya da shaidu kafin ya tura ko kwabo.

Na gode da ba ni wannan dama. Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano